Tsallen Shikulu a Gidan Surukai

Ya yi! Nkumbu, wallahi ya yi! Shikulu ya yi tsallen nan, da idona na gani! Tsaya mana, ina za ki, ai ba a buga ƙararrawa ba tukuna. Zo nan bayan tankin ruwa. Riƙe min jakata.

Kin dai san tsallen da nake nufi. Duk wanda ya taɓa shan ruwa a tsakar gidanmu ya ji labarinsa a bakin kakan nan nawa. Wai a zamanin da yake mawaƙin rok, lokacin tagulla tana da daraja shi kuma yana da gashi, sun yi wasa a babban zauren 'yan haƙar ma'adinai na nan Kitwe, shi da ƙungiyarsu Guduma Huɗu. Wai yana tsakiyar kaɗa jita sai ya juya wa jama'a baya, ya buɗe hannuwa, ya saki jikinsa daga kan dandamali, jama'a suka cafe shi kamar jariri. Ina aji uku mutum ɗari biyar ne suka cafe shi. Bara sun kai dubu goma. Ranar Kirsimeti har da minista a cikinsu.

Kuma ba mai ƙaryata shi, don sauran gudumomin uku ba su da bakin magana. Ɗaya ya rasu, ɗaya ya zama fasto ya ce bai san zancen ba, ɗaya yana kiwon kaji a Kapiri kunnensa ya toshe. Faifai ɗaya tak suka taɓa bugawa, shi ne wanda Kaka Belita take rufe bokitin munkoyo, kunun nan namu na masara, da shi. In kika tambaye ta labarin tsallen sai ta ce, "Ni dai na san ya dawo gida da takalmi ɗaya."

To kin san ranar Asabar aka yi chilanga mulilo na Yaya Chisela, matan gidanmu suka kai wa angonta Katongo tukwanen abinci. Abin da ba ki sani ba shi ne auren nan tangal-tangal yake yi. Katongo yana da wata gwaggo, Gwaggo Fostina, ita ta raine shi, in ta ce a'a ko ubansa ba ya iya cewa e. Tun farko ta ce ita fa ta ji labari gidanmu gidan makaɗa ne, kuma 'yar gidan makaɗa ba ta zaman aure, rawa take yi. Ta ce za ta zuba ido ranar kawo abinci. In ta ga tarbiyya a sa rana, in ba ta gani ba kowa ya riƙe ɗansa. Yaya Chisela ko abinci ba ta iya ci, kullum idonta jawur, tana cewa albasa ce, alhali ba albasa a gidan.

Shi ya sa Kaka Belita ta zaunar da Shikulu tun farkon mako.

"Sampa, buɗe kunnenka. Ranar Asabar ta mata ce, maza ba sa bin tukwane. Kai da amarya kuna gida."

"Belita, ni ba namiji ne kawai ba. Ni tarihi ne."

"To tarihi ya zauna a gida ya ba kaji ruwa."

Da ya zauna ɗin fa, ba don Sakala ba. Kin san Sakala, tsohon nan maƙwabcinmu mai a-kori-kura, mutumin Chipata. Abokin wasan Shikulu ne, kullum suna zage-zage ta kan shinge, shi ya ce masa maci birai, Shikulu ya ce masa maci ɓeraye. Ranar Talata ya leƙo yana sakace.

"Kai maci birai, ka san wane ne surukin naku kuwa?"

"Wanne?"

"Uban ango, Mista Chomba. Lasifikoki ne da shi ɗaki guda, ga rumfuna, ga kujeru. Duk wani babban taro a garin nan shi ake fara kira."

Kuma gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne irin taron. Mista Chomba gidajen makoki yake ba hayar kaya.

Shikulu ya ajiye kofin shayinsa a hankali. Ya ce, "Ashe mutumin harka ne. Shekara da shekaru ina jiran mai ido ya gan ni, ga shi Allah ya kawo shi har cikin dangi."

"Sai dai an ce ba ya ɗaukar mutum sai ya gan shi a kwance tukuna," in ji Sakala.

"A kwance a hannun jama'a ke nan. Ai aikina ne."

Nan take ya tsara komai. Zai bayyana a gidan ango ba zato, waƙa ɗaya, tsalle ɗaya, Mista Chomba ya miƙo hannu, daga nan sai Lusaka, sai Nairobi, sai Landan. Har ya fara shawara da Sakala ko ya tafi da Kaka ko ya bar ta ta kula da kaji. Ni ina wanke-wanke duk ina ji. Ya juyo ya ce, "Ke amaryata, kin ji abin da ba ki ji ba." Na ce to, angona. Yana shiga ɗaki na gaya wa Kaka.

Kaka ta miƙe. Ta ɗauki jitar Shikulu a cikin jakarta ta kulle a kabad, ta ɗaure makullin a bakin zanenta. Washegari mata suka tafi kasuwar Chisokone sayayya, Shikulu ya jawo kabad ɗin daga bango, ya kwance katakon bayan, ya zare jitar, ya cusa taɓarya a jakar ya mayar. Kaka ta dawo ta leƙa, ta ga jaka a tsaye, ta kulle abinta. Da yamma ana neman taɓarya za a daka gyaɗa, shi ne ma kan gaba wajen nema. Har yana faɗa wai gidan nan ba a ajiye abu a mazauninsa.

Sai gwaji, a bayan gidan Sakala. Tsirkiya biyu na jitar sun tsinke tun kafin a haife ni. Ya ce ba komai, a zamaninsu da wayar birkin keke suke gyarawa. Keken da ya gani a jingine na Maman Bupe ne, mai sayar da tumatir. Ya ce aro ya yi, mantawa kawai ya yi bai gaya mata ba. Da yamma ta gangaro daga kasuwa da kwando a baya, ta wuce gidanta, ta wuce namu, ta wuce na Sakala tana gaishe da kowa da ƙarfi, sai a lambun kabejin coci ta tsaya. Ta dawo tana jan keken, ganye a ka.

"Wane la'ananne ne ya taɓa min birki?"

Shikulu ya ce, "Kayan yanzu ba su da ƙarko, 'yata. Da can keke keke ne."

Sai wandon fata. Nkumbu, wandon nan rabonsa da jikin mutum tun Mama ba ta fara tafiya ba. Ya tsaya a gwiwa ya ce shi nan ya sauka. Suka shafa man girki. Ya hau cinya. Shikulu ya kwanta a ƙasa ya riƙe turken shanya, Sakala ya taka bango yana ja, yana cewa, "Shanye cikinka, maci birai!" Shikulu yana cewa, "Na shanye, wannan ƙashi ne!" Da ƙyar ya shiga. Da ya shiga kuma ya ƙi fita. Tun ranar Alhamis yake cikinsa, ya ɗora tsohon kayan aikinsa na ma'adinai a kai. Ba ya iya zama. A tsaye yake cin tuwo, a tsaye yake addu'a, ya ce wa Kaka ciwon baya ne. Kar ki tambaye ni sauran, ban sani ba, kuma ba na son in sani.

Ranar Juma'a ya ce saura gwajin tsalle. Ya shimfiɗa katifa a gindin akurkin kajinmu, ya hau rufin. Yaran layi suka cika shinge, Maman Bupe ta fito da kujera. Ya juya baya, ya buɗe hannuwa, ya ce, "Ku kalli yadda ake yi." Bai kai ga tsallen ba rufin ya riga shi. Ya nutse cikin akurkin har wuya. Kajin da aka tara don abincin ango suka fashe ta ko'ina, layi ya ɗauki ihu, manya da yara kowa na bin kaza. Katifa tana nan lafiya lau, ko ƙura ba ta taɓa ta ba.

Sakala ya leƙa ramin ya ce, "Masu kallo sun watse, ranka ya daɗe."

Shikulu ya tofar da gashin kaza ya ce, "Kaji ba su san rok ba."

Da Kaka ta dawo ya ce guguwa ce. Ta dubi shanyar da ko motsi ba ta yi ba, ta dube shi, ta taɓa makullin da ke bakin zanenta, ta wuce.

Ranar Asabar tun da sassafe ake girki. Kaza, kifi, busassun 'yan kifayen kapenta, chikanda wato alalar nan ta gyaɗa da saiwa, miyar ganye da gyaɗa, wake, dankali, ga babbar tukunyar tuwo wadda sai mutum biyu ke ɗagawa. Muka sha anko, aka naɗe kowace tukunya da zane, aka loda manyan a motar Sakala aka rufa tamfol, mu mata muka shiga bas. Shikulu yana bakin ƙofa ya yafa bargo, a zafin Oktoban nan, yana ɗaga mana hannu kamar mai jinya.

"Ku gaishe su. Ku ce tsoho ba ya jin daɗi."

Kaka ta ce, "Allah ya ƙara maka nauyin ƙafa."

A kwanar layi Sakala ya tsaya wai zai duba taya. Mu muka wuce. Ashe nan ne tsohon ya biyo ta lungu ya shige ƙarƙashin tamfol da jitarsa da akwatin sautinsa, ya kwanta a jikin tukunyar tuwo. Ki ƙiyasta. Rana a sama, tamfol a kai, wandon fata a ƙasa, tuwo mai tururi a haƙarƙari, daga unguwarmu Wusakile har ta su ango Ndeke. Sakala ya ce yana jin yana bubbuga ƙarfen motar, shi ya ɗauka gwajin kiɗa yake yi.

A ƙofar gidan ango komai ya tafi yadda ake so. Muka ɗora tukwane a ka, masu ganga suka fara, muka tsaya muna waƙa muka ƙi shiga sai da dangin ango suka fito suka buɗe mana hanya. Sakala ya shigar da mota har gefen rumfa, ya sauke manyan tukwane da kansa ta gefe ɗaya, bai bari kowa ya taɓa tamfol ba. Ango yana zaune a tsakiya kansa a ƙasa, Mista Chomba a damansa, Gwaggo Fostina a hagunsa a kan kujera mai hannu, jaka a cinya, fuskar nan kamar an ba ta maɗaci ta riƙe a baki.

Uwar biki ta durƙusa ta kwance ƙullin zanen tukunya da haƙora, ta wanke wa ango hannu, ta fara buɗe kwanuka ɗaya bayan ɗaya tana nuna masa. Gwaggo tana bin kowane kwano da ido. Da aka buɗe chikanda ta sunkuyo ta duba, ta gyaɗa kai sau ɗaya. Mama ta matse min hannu har ya yi ƙara. Na ce a raina shi ke nan, Yaya ta tsira.

Sai wani ƙara ya tsaga gidan, ƙiiiii, kamar ana yanka ƙarfe. Karen gidan ya shige ƙarƙashin kujeru. Muka juya.

Ga Shikulu a tsaye a kan rufin a-kori-kura. Hular gashi ƙatuwa kamar gidan tururuwa, baƙin tabarau, 'yar shara a buɗe, wandon fata yana ƙyalli, tururi na tashi daga jikinsa, ƙamshin tuwo har inda muke. Ya ciro batirin motar ya haɗa da akwatin sauti, ya kuma ja waya ya soka a ɗaya daga lasifikokin Mista Chomba da aka kafa don biki. Makirfo kuwa a jikin sandar tsintsiya ya ɗaure shi.

Ya ɗaga hannu ya ce, "Barka da rana, Kitwe!"

Kitwen nan mata ne da ba su cika bas biyu ba, sai maza 'yan kaɗan da kare.

Gwaggo Fostina ta juya a hankali ta dubi Kaka. "Wane ne wancan?"

Kaka ta ce, "Ban san shi ba. Ina jin da shi aka ba mu hayar motar."

"Wannan waƙar," in ji lasifika, "ta matata ce, Belita! Ga ta can mai jan ɗankwali! Belita, ɗaga hannu su gan ki!"

Kaka ta zare ɗankwalin ta cusa a jaka.

Ya fara kaɗawa. Zan faɗa miki gaskiya, Nkumbu, tsohon ya iya. Na ɗan lokaci ya iya. Yatsun nan da ba sa iya ɓalle maɓalli sai ga su suna gudu a kan jita kamar ba nasa ba, muryar ta fito a shaƙe amma tana shiga jiki. Na ga ƙafar Mista Chomba tana motsi a ƙarƙashin kujera. Na saci kallon Kaka, na ga ta daina harara, tana kallon ƙasa, leɓenta yana bin waƙar. Sai wayar birkin Maman Bupe ta ce ita fa ba don wannan aka yi ta ba. Ta tsinke, ta yi sama, ta ɗauke hular gashin, ta wurga ta. Hular ta sauka daidai cikin farantin da ke gaban ango.

Uwar biki ko gezau. Matar nan ta yi bukukuwa sun fi gashin kanta. Ta ɗauki murfi ta rufe farantin, ta tura gefe, ta buɗe na wake.

Ta yi wa masu ganga ido su ƙara ƙarfi su danne shi. Suka ƙara. Shi kuma ya ɗauka amshi suke masa, ya ƙara nasa. Mata suka rangaɗa guɗa don kar a ji shi, ya dafa ƙirji ya ce, "Na gode, na gode, ni ma ina son ku!" Mama tana ta yi masa alama da hannu ya sauko, ya nuna ta ya ce, "Waccan 'yata ce, tun tana ciki take jin rok!"

Ango bai ɗago kai ba, don al'ada ta hana, amma kafaɗunsa rawa suke. Gwaggo Fostina ta rufe bakin jakarta, ƙyas. Kowa ya ji ƙarar nan duk da ganguna. Ma'anarta tashi za ta yi.

Uwar biki ta ga in ba a yi sauri ba aikin ya lalace, sai ta tsallake sauran kwanuka ta ɗauko waƙar babbar gaisuwa. Kin san ta. A jeru a gaban surukai, a ɗaga hannuwa sama ana tafi, in ganga ta sauya kowa ya zube ƙasa, a kwanta ta dama a tafa, a juya ta hagu a tafa. Muka jeru tsakanin mota da rumfa, har da Kaka da gwiwarta mai ciwo. Muka ɗaga hannuwa.

Shi daga sama abin da ya gani ke nan. Hannuwa a sama, a jere, a gindin dandamalinsa. Bai taɓa zuwa chilanga mulilo ba in ban da nasa, kuma a nasa kansa a ƙasa yake har aka tashi.

Na ji ya ce, "Sun shirya."

Ya juya mana baya. Ya rungume jita. Ya ce, "Riƙe ni, Kitwe!"

Ganga ta sauya.

Gaba ɗaya muka zube.

Ina kwance ta dama na ga inuwa ta wuce ta kaina, kamar buhun gawayi da aka jefo daga babbar mota. Ya yi nisa fa, kar ki raina shi. Ya tsallake ni, ya tsallake Mama, ya tsallake uwar biki, ya dira a ɗan filin da ke tsakaninmu da kujerar Gwaggo Fostina, tim! Lasifika ta ce gwaram, ta yi shiru. Zafi ya kama shi, ya mirgina ta dama yana dukan cinya, ya mirgina ta hagu yana dukan cinya. Mu ma a lokacin muna juyawa ta hagu muna tafi, don ba a katse gaisuwa a tsakiya. Tare muka gama, daidai da bugun ganga na ƙarshe.

Gidan ya yi tsit. Kare ya leƙo.

Gwaggo Fostina ta buɗe jaka, ta ciro tabarau, ta sa, ta sunkuya ta ƙare wa abin da ke gabanta kallo. Ta ce, "Aƙalla dai ya iya gaisuwa."

Sakala yana jingine da motarsa yana cin cinyar kazar da ban san inda ya samo ta ba. Ya ce, "Maci birai, ko birin da kuke ci yana duba reshe kafin ya saki hannu."

"Rufe min baki, maci ɓeraye. 'Yan kallon yanzu ne ba su da horo." Jitar ta rabe biyu a ƙirjinsa, ya ɗaga wuyanta sama ya ce, "Da gangan na fasa. Haka manya suke rufe wasa." Sai ya karkato kai wajen uban ango, gumi na zuba. "Mista Chomba, ka dai ga aiki. Yaushe za mu zauna?"

Mista Chomba ya durƙusa kusa da shi, ya haɗa hannuwa, ya yi magana da muryar nan tasa mai sanyi ta gidan makoki. "Baba, ni sai mutum ya gama kwanciya nake zuwa. Na ga ka kusa, amma da saura. Duk ranar da ka shirya, rumfa da kujeru da lasifika kyauta ne."

"Kin ji, Belita? Kyauta! Mista Chomba, wajen zai cika kuwa?"

"Irin naka yana cika, Baba. Har a waje ake tsayawa."

Mama ta riga ta fara kuka, tana cewa me za ta gaya wa Chisela. Ni ma na tuna Yaya tana gida tana jiran mu dawo da labari. Kaka ta tashi, ta kakkaɓe zanenta, ta ja gwiwa har gaban Gwaggo Fostina. Ba ta kalli Shikulu ba, ta gefensa ta bi kamar an ajiye turmi a hanya.

Gwaggo ta ce, "Naki ne?"

"Nawa ne."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haifi uwar amarya."

"Kullum haka yake?"

"Yau da sauƙi. Akwai baƙi."

Gwaggo ta dubi Shikulu a ƙasa. Ta cire tabarau ta goge da bakin zane. Can ta ce, "Nawa ƙaho yake busawa. A badujalar kamfanin ma'adinai. Da sassafe yake gwaji, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, wai kar iska ta ɓata sauti."

Kaka ta ce, "Allah ya ba shi hutu."

"Ni ya ba wa."

Sai ta miƙa hannu ta ɗago Kaka, ta sa aka kawo kujera kusa da tata. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ni tarbiyya na ce a nuna min, na ɗauka a kwano za a kawo ta. Matar da ta zauna da wannan ba ta gudu ba, kuma ba ta sa masa komai a miya ba, jikarta za ta zauna da kowa. Katongon nan ma da kuke gani ba sauƙi ne da shi ba, waƙa yake a banɗaki. A ci gaba da buɗe kwanuka. Ban da wancan mai murfi."

Guɗar da aka yi, Nkumbu, har kunnena ya toshe. Shikulu daga ƙasa ya ɗaga hannu yana amsawa.

Sai da aka ci aka sha aka tuna da shi. Ƙafar ta kumbura, wando ya ƙi ba da hanya, uwar biki ta sa wuƙar yanka kaza ta farke shi daga ƙasa har gwiwa, Shikulu yana ihu wai wandon ya fi ƙafar tsada. Motar Sakala ta ƙi tashi, don wasan ya shanye batir. Motar da ta rage a gidan ɗaya ce, doguwar baƙar nan ta Mista Chomba. A ciki aka kwantar da shi, ya ce bai taɓa shiga mota mai daɗin shimfiɗa irinta ba. Aka kai shi asibiti, aka ce ƙashin idon sawu ya tsage, aka naɗe ƙafar da farin siminti har gwiwa. A motar dai aka dawo da shi gida.

Ba wanda ya tuna ya aika wa layinmu labari. Suna ganin baƙar mota ta shigo a hankali ta tsaya a ƙofarmu, Kaka a gaba ba ɗankwali, sai Maman Bupe ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, "Wayyo Shikulu! Na yafe maka birkin!" Layi ya ɗauka. Mata suka fito da gudu suna kuka, Yaya Chisela ta fito ta zube a bakin ƙofa. Aka buɗe bayan mota, Shikulu ya tashi zaune ya ga jama'a cike da layi suna kiran sunansa suna hawaye. Ya gyara tabarau, ya ɗaga musu yatsu biyu. Rabin layin ya watse da gudu. Maman Bupe ta tsaya ta ce yafiyar ta gawa ce, mai rai zai saya mata waya.

Yanzu yana kwance a falo, ƙafa a kan matashi, yana karɓar masu dubiya. Jiya bayan coci har ya fara ba da labari wai mutum dubu biyu ne suka kalli wasan. Ya aiki Sakala ya nemo masa wata jitar a Ndola, kuma ya fara tsara sabuwar waƙa ta ranar ɗaurin aure. Ya ce wancan tsallen gwaji ne, na gasken daga saman barandar coci zai yi, da zarar an cire masa siminti.

To ga abin da na kira ki nan in gaya miki. Matso.

Gwaggo Fostina da kanta ta bi mu asibiti. Ta ja nas gefe ta tambaye ta yaushe za a cire simintin. Nas ta ce ƙarshen watan gobe. Gwaggo ta dubi Kaka, Kaka ta dubi Gwaggo. A nan bakin ɗakin magani, a tsaye, suka sa rana. Tsakiyar watan gobe za a ɗaura auren Yaya Chisela! Shi kuwa an ce masa sai Disamba. Yaya tun jiya take cin abinci kamar ba gobe, ni ce zan riƙe mata fure, kuma na ce sai da ke.

Amma don Allah, Nkumbu, don girman Allah, kar ki gaya wa kowa tukuna. Ko mamanki. Musamman ma mamanki, don tare suke zuwa cin kasuwa da matar Sakala, in Sakala ya ji kuwa kafin shayi ya huce ya leƙo ta shinge. Tsohon nan da ƙafa ɗaya ma zai hau baranda. Rantse. A'a, ba da wannan hannun ba, na ga kin harɗe yatsu. Wayyo, ga ƙararrawa, miƙo jakata. Kin rantse fa!